Yadda Ake Karanta wa Yara Labarin Ƙaramin Kan Jirgin Da Ya Haura Dutse

A shekarar 1930, lokacin da Amurka ke fama da karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929, kamfanin ɗab'i na Platt & Munk da ke birnin New York ya fitar da wani ɗan littafin yara mai hotuna mai suna The Little Engine That Could, wato ƙaramin kan jirgin ƙasan da ya iya. Sunan marubucin da ke jikin bango shi ne Watty Piper, wanda laƙabi ne na Arnold Munk, ɗaya daga cikin masu kamfanin, kuma Lois Lenski ce ta zana hotunan bugun farko. Labarin ya girmi littafin, domin tun a 1906 wata jarida a New York ta buga wani nau'insa daga cikin wa'azin wani limamin coci mai suna Charles S. Wing, kuma bugun 1930 da kansa ya bayyana cewa daga labarin da Mabel C. Bragg ta rubuta aka sake tsara shi. Bugun da ya fi yaɗuwa a hannun jama'a shi ne na 1954, wanda George da Doris Hauman suka yi wa hotuna, sannan daga baya aka sake yin wasu, har da na Loren Long a 2005. Shirin raba wa yara littattafai kyauta da mawaƙiya Dolly Parton ta kafa a jihar Tennessee a 1995 da wannan littafi yake fara yi wa yaro maraba a Amurka.

Labarin kansa gajere ne. Wani jirgin ƙasa ya ɗauko kayan wasa da kayan marmari zai kai wa yaran da ke bayan wani dutse, sai kan jirgin ya lalace a hanya. Kayan wasan suka sauko, wani ɗan kama na cikinsu ya riƙa tsayar da kawunan jiragen da ke wucewa yana roƙonsu taimako. Na farko sabo ne fil mai jan taragan fasinja, ya ce ya fi ƙarfin wannan aiki. Na biyu ƙaƙƙarfa ne mai jan kaya, ya ce shi manyan injinan buga littattafai da jaridu yake ɗauka, ba shi da lokacin 'yan tsana. Na uku tsoho ne mai tsatsa, ya ce ya gaji, ba zai iya ba. Daga ƙarshe wata 'yar ƙaramar shuɗiya ta zo, wadda aikinta jera taragai ne a cikin tasha, kuma ba ta taɓa haura dutsen ba, ta yarda ta gwada, ta ja su a hankali tana maimaita wata 'yar jimla har ta kai su.

Wanda zai karanta wa yaro Bahaushe wannan littafi ya kamata ya fara karanta shi shi kaɗai, sau biyu ko uku, kafin ya kira yaron. Kwafin da za a samu a kantin littattafai ko a intanet na Turanci ne, kuma yaro ɗan shekara uku zuwa bakwai, wanda shi ne littafin ya fi dacewa da shi, ba zai amfana ba idan babba yana karanta jimla da Turanci, ya tsaya ya yi ta lalubar fassararta, sannan ya ci gaba. Abin da ya fi shi ne babban ya riƙe labarin a kansa da Hausa, ya yanke shawarar sunan da zai kira kowane abu da shi, sannan a lokacin karatu ya bar hotuna su ja shi daga shafi zuwa shafi. Yawancin abin da ke cikin taragan suna da suna a wurinmu: akwai raƙumin dawa da ɗan giwa da 'yan tsana, akwai lemo da tuffa da madara da alewa, har da alayyafo, wanda yara kan yi dariya idan suka ji an lissafa shi cikin kayan daɗi. Duk sunan da aka zaɓa a daren farko a riƙe shi, saboda yaro yana lura, kuma idan yau aka ce ɗan kama gobe aka ce wawan sarki, sai ya tsayar da karatun ya yi gyara.

Akwai wata matsala da Hausa ke jawowa wadda ya kamata a warware tun da wuri. Kalmar kan jirgi namiji ce a harshenmu, amma a cikin littafin ƙaramin kan da ya ceci jirgin mace ce, waɗanda suka ƙi taimako kuwa maza ne. Tun da Bahaushe ba zai iya cewa ta tafi ko ya tafi ba tare da ya bayyana jinsi ba, dole mai karatu ya zaɓa. Shawarata ita ce a bar ta a macenta, a raɗa mata suna 'Yar Shuɗiya, domin sunan ya ɗauke nauyin nahawu, a ce 'Yar Shuɗiya ta tsaya, 'Yar Shuɗiya ta duba. Yara mata ba su cika samun labarin inji da ƙarfe wanda mace ce jarumarsa ba, kuma yara maza ba sa rasa komai don sun ji hakan.

Inda aikin ya fi bukatar natsuwa shi ne jimlar da 'Yar Shuɗiya ke maimaitawa. A Turanci kalmomi huɗu ne, I think I can, kowace gaɓa ɗaya, kuma an tsara su ne don su yi amon numfashin injin tururi idan yana hawa tudu. Kuskuren da na yi a karon farko, lokacin da na karanta wa ɗiyar ƙanena 'yar shekara biyar, shi ne na taƙaita ta zuwa "Zan iya, zan iya." Jimlar ta yi kaifi, ta yi daɗin faɗa, amma da muka gama sai yarinyar ta dube ni ta ce, "Baffa, to ai dama ta san za ta iya, me ya sa 'yan tsanan suke kuka?" Ta gano abin da na zubar. A littafin 'Yar Shuɗiya ba ta da tabbas, ta faɗa da bakinta cewa ita ƙarama ce kuma ba ta taɓa bin wannan hanya ba, saboda haka abin da take faɗa zato ne mai ƙarfi wanda ta yarda ta jarraba shi. Idan aka cire shakkar, an cire dalilin da zai sa yaro ya riƙe numfashi a lokacin hawan. Tun daga ranar na koma cewa "Ina jin zan iya," kuma na ga ta fi dacewa ta fuska biyu: ta riƙe shakkar, sannan gaɓoɓinta shida suna karɓar sauri da jinkiri yadda ake so. "Ina ganin zan iya" ma daidai ce a ma'ana, sai dai tana da nauyi a baki idan an zo wurin sauri.

Yadda ake faɗar jimlar yana da muhimmanci kamar kalmominta. A farkon hawa a rarraba ta gaɓa-gaɓa, a ja numfashi a tsakani, kamar mai ɗauke da buhu a ka: i-na-jin-zan-i-ya. A sa yaron ya kama ƙugun mai karatu ko ya dunƙule hannuwansa yana juya su a gefen haƙarƙarinsa kamar sandunan ƙafar jirgi. Daga nan a riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan, a bar yaron ya karɓa, har muryarsa ta rinjayi ta babba. Da an kai ƙololuwar dutsen a yi shiru na ɗan lokaci kafin a buɗe shafi na gaba, domin wannan shirun shi ne ladan duk hawan. A gangara, littafin ya sauya jimlar zuwa abin da ya wuce, wato dama ta yi zaton za ta iya. Fassarar kai tsaye tana da tsawo, kuma "Dama na sani" ƙarya ce ga labarin. Ni "Ashe zan iya, ashe zan iya" nake cewa, domin kalmar ashe tana ɗauke da mamakin wanda ya gano wani abu game da kansa, kuma wannan wuri ne da Hausa ta fi Turancin asali faɗar abin da ake nufi.

Yawancin yaranmu ba su taɓa ganin jirgin tururi ba, wasu ma ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a waya. Wanda ya hau jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, kan jirgi mai amfani da man dizal ya gani, ba ya huci kuma ba ya tari. Saboda haka kafin a buɗe littafin yana da kyau a ɗauki minti biyu a bayyana cewa jiragen zamanin da suna cin kwal ne da ruwa, wuta ta tafasa ruwan, tururi ya tura ƙafafun, kamar yadda murfin tukunya ke rawa idan ruwa ya tafasa. Ana iya gaya wa yaro mai ɗan wayo cewa irin wannan jirgi ne ya fara isa Kano a 1911, kuma an taɓa yin wani siririn layin dogo daga Zariya zuwa Jos, wanda aka kammala a 1914 don jigilar kuza, inda ƙananan kawunan jirgi ke hawa tudun Filato da ƙyar har zuwa lokacin da aka rufe layin a 1957. Ga yaron da bai kai wannan ba, misalin babbar mota cike da kaya a Hawan Kibo, tana gurnani a giya ta ɗaya, yaron mota na biye da ita da katako don tare taya, ya isa ya nuna masa abin da hawa da kaya yake nufi. Kada dai bayanin ya yi tsawo har ya cinye ɗokin labarin.

Wajen zama, a ɗora yaron a cinya ko a zaunar da shi a gefe ta yadda littafin zai fuskance shi, domin rabin labarin a hoto yake. Babu laifi a buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," a jira ya amsa "Ta zo mu ji ta," a kuma rufe da ƙurunƙus, saboda wannan yana sanar da shi cewa an shiga duniyar da kan jirgi zai iya magana. A ba kowane kan jirgi muryarsa: sabon ya yi magana ta hanci da yanga, ƙaƙƙarfan ya yi ta da kauri da gajen haƙuri, tsohon ya yi ta a hankali da rawar murya. Roƙon da ɗan kama yake yi kusan iri ɗaya ne a kowane karo, kuma babba kan ji kamar ya tsallake shi. Kada a tsallake. Maimaicin nan shi ne yake ba yaro damar hango abin da zai biyo baya, kuma a karo na uku za a ji shi yana riga mai karatu faɗa.

Tambayoyi a tsakiyar karatu suna da amfani idan ba su yi yawa ba, kuma idan ba irin na jarrabawa ba ne. Tambayar launin jirgi ko adadin 'yan tsana ba ta kai yaro ko'ina. Wuri biyu ne na ga sun cancanci a tsaya. Na farko shi ne bayan tsohon kan jirgi ya wuce, inda za a tambayi yaron ko wannan daidai yake da biyun farko. Yara da yawa sukan haɗa su a kwando ɗaya su ce duk mugaye ne, alhali biyun farko girman kai ne ya hana su, shi kuwa tsohon gajiya ce ta gaske. A gidan da kaka ko kakan yaro ke zaune, bai kamata a bar yaro ya tashi da tunanin cewa wanda ya ce ya gaji malalaci ne ba, kuma a ganina wannan shi ne wurin da littafin ya fi rauni, domin bai yi wa tsohon adalci sosai ba. Mai karatu na iya gyara wannan da murya kawai, ta hanyar ba tsohon muryar tausayi, ya sa shi ya ba da haƙuri kafin ya wuce.

Wuri na biyu shi ne lokacin da 'Yar Shuɗiya ta tsaya tana sauraron roƙon. A nan za a tambayi yaron dalilin da ya sa ta yarda. Amsar tana cikin hoto da rubutu: ta ga hawaye a idon 'yan tsana, ta kuma tuna yaran da ke bayan dutse waɗanda za su wayi gari babu abin da aka yi musu alkawari. Masu tallar littafin sun fi ambaton yarda da kai, amma abin da ya fara motsa ta tausayi ne, ƙarfin halin daga baya ya biyo. Idan yaro ya kama wannan, ba zai ɗauki labarin a matsayin izinin cika baki ba. Bahaushe na cewa raina kama ka ga gayya, kuma karin maganar ta dace da 'Yar Shuɗiya, sai dai ita ba don ta kunyata manyan ta ɗauki aikin ba, ba ta ma sake waiwayarsu ba.

Wasu iyaye za su ji wani iri a ransu idan suka ji yaro yana ta cewa zai iya ba tare da ya ce in sha Allah ba, kuma damuwarsu tana da tushe. Ba na ganin akwai saɓani, muddin an riƙe "ina jin" ɗin nan da aka yi bayani, domin mai cewa yana jin zai iya bai yi da'awar sanin gobe ba. Abin da na saba yi shi ne in sa 'Yar Shuɗiya ta ce in sha Allah sau ɗaya, a lokacin da ake ɗaura mata taragan, sannan ta shiga jimlarta ta hawa. Cusa kalmar a cikin kowane maimaici yana karya amon, kuma yana mayar da ita abin waƙa. Ga yaro mai shekara shida ko bakwai ana iya haɗa wannan da hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

Bayan an rufe littafi, kada a yi wa yaro lacca a kan darasin da ke ciki. Abin da ke sa jimlar ta zauna shi ne a haɗa ta da wani aiki na gaske wanda ya ɗan fi ƙarfinsa kaɗan, kamar ɗaura igiyar takalmi, ko sa maɓallin riga, ko rubuta harafin farko na sunansa, ko haddace wata gajeriyar sura da ta ƙi zama. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya bayyana a 1977 cewa abin da ya fi gina wa mutum imanin zai iya wani abu shi ne ya taɓa yin irinsa ya yi nasara, kuma kalaman ƙarfafa gwiwa daga wasu suna bayan wannan a tasiri. Ma'anar haka ga mai reno ita ce zaɓen dutsen da za a sa yaro ya hau ya fi yawan kirarin da za a yi masa muhimmanci. Idan aikin ya yi sauƙi ba abin da ya koya, idan kuma ya yi masa nisa ƙwarai, zai koyi cewa jimlar ƙarya ce. A raba aikin gida-gida, a yi masa rabin farko na ɗaurin takalmin, a bar masa jan ƙarshe, gobe a bar masa biyu.

Yabon da za a yi bayan nasara shi ma yana bukatar kula. A wani bincike da Claudia Mueller da Carol Dweck suka wallafa a 1998, yaran da aka yaba wa basirarsu bayan sun warware wasu tambayoyi sun fi saurin karaya da gudun aiki mai wuya daga baya, idan aka kwatanta da waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Saboda haka maimakon a ce wa yarinya "Kai, ke gwana ce," gara a faɗa mata abin da aka gani: "Na ga igiyar ta kwance sau uku, kika sake ɗaurawa." Haka kuma kada a mayar da littafin sanda. Ranar da yaro ya kasa, aka ce masa "'Yar Shuɗiya ma ta iya balle kai," an mayar da abokiyarsa abar gori, kuma da wuya ya sake neman a karanta masa.

Ranar kasawa kuwa za ta zo, domin akwai dutsen da ba ya hawuwa a yau komai yawan maimaita jimla. Mawaƙin Amurka Shel Silverstein ya taɓa rubuta wata waƙar barkwanci inda ƙaramin kan jirgin ya kusa kai ƙololuwa sannan ya sulluɓo ya faɗi, don ya nuna cewa zato shi kaɗai ba ya isa, kuma yana da gaskiyarsa. Idan yaro ya gwada ya kasa, a koma da shi farkon littafin, a nuna masa kan jirgin farko wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ƙafafunsa suka ƙi juyawa, a tambaye shi abin da kayan wasan suka yi. Ba su zauna suna kuka kawai ba, sun tsaya a bakin layi sun nemi taimako, an ƙi su sau uku, suka sake roƙo a karo na huɗu. Naciyar ɗan kama ba ta gaza ta 'Yar Shuɗiya ba, kuma yaron da ya ga haka zai san cewa zuwa wurin Umma ko yaya ko malam a ce "a taimaka mini" yana cikin labarin.

Yaro zai nemi a maimaita masa littafin dare bayan dare har babba ya gaji, kuma a yi haƙuri a maimaita. Bayan kamar mako biyu sai a fara barin giɓi, a karanta rabin jimla a yi shiru ya cika, daga baya a miƙa masa littafin gaba ɗaya a ce yau shi zai karanta. Ba zai karanta haruffan ba, hotuna zai bi yana ba da labarin da kalmominsa, kuma ba a gyara masa sai idan ya tambaya. Ɗiyar ƙanena, a ranar da ta karɓi littafin, ta ƙara wani abin da babu shi a kowane bugu: da 'Yar Shuɗiya ta sauke kayan a garin da ke bayan dutse, sai yarinyar ta sa ta koma ta jawo kan jirgin farko da ya lalace, domin a cewarta an bar shi shi kaɗai a daji kuma dare ya yi.